Man shafawa ba zai maye gurbin safar hannu ba

Duk wanda ya taɓa gaisawa da birkila ko mai wankin mota a tsakiyar hunturu ya san yadda aiki ke cin hannu. Tafin ya yi kaushi, gaɓoɓin yatsu sun tsattsage, wani wurin har jini na tsattsafowa. Mukan ɗauki wannan a matsayin shaidar himma, alhali a wurin likitocin fata cuta ce da ke tasowa daga abin da mutum ke taɓawa a bakin aikinsa. Akwai mayukan kariya da ake shafawa kafin a fara aiki, waɗanda masu tallarsu ke cewa suna shiga tsakanin fata da sinadari tamkar safar hannu. A ganina amfaninsu bai kai abin da ake faɗa ba, kuma dogaro da su kaɗai cutar da ma'aikaci ne.

Cutar iri biyu ce. Ta farko, wadda ta fi yawa nesa ba kusa ba, tana zuwa ne sannu a hankali: ruwa da sabulu da omo da fetur suna wanke maiƙon da ke saman fata, har ta bushe ta tsage. Ita ce ke damun ma'aikatan jinya da masu wanki da guga da kanikawa. Ta biyu kuwa, jiki ne ke ƙullatar wani sinadari, ta yadda duk lokacin da ya sake taɓa shi, komai ƙanƙantarsa, sai ƙaiƙayi da ƙuraje su tashi. Haka kiromiyom ɗin da ke cikin siminti yake yi wa magina, haka kuma sinadarin PPD na baƙin lalle da rinin gashi yake yi wa masu ƙunshi da gyaran kai. Wanda ya kamu da wannan, galibi ya kamu ke nan har ƙarshen rayuwa, kuma sau da yawa sai ya bar sana'ar.

A 2018 cibiyar Cochrane, wadda ke tattara gwaje-gwajen likitanci tana auna ƙarfinsu, ta duba gwaji 9 da aka yi a kan ma'aikata 2,888. Sakamakon ya nuna cewa man kariya shi kaɗai bai wuce ya ɗan taimaka ba, kuma hujjar ma mai rauni ce. Abin da ya fi nuna alamar amfani shi ne man laushin fata na yau da kullum, ko shi kaɗai ko a haɗe da na kariya.

Dalilin bai da wuyar fahimta. Mai shafawa yakan tsallake tsakanin yatsu da gefen farce. Gumi da gogayya suna share man tun aiki bai yi nisa ba. Idan aka shafa shi a hannu mai datti, sai ya danne dattin a jikin fata. Mai maiƙon fetur kuma yana raunana safar roba ta latas. Mafi muni, yana sa lebura ya saki jiki ya cusa hannu a jiƙaƙƙen siminti, wanda kaifinsa ke iya ƙona fata kamar wuta.

Darasin da ya fi dacewa mu ɗauka daga Denmak yake. Tun 1981 aka fara zuba sinadarin ferrous sulphate a simintin ƙasar domin ya karya lagon kiromiyom mai cutarwa, kuma cutar ta ragu a tsakanin magina. Daga 2005 Tarayyar Turai ta iyakance shi zuwa kashi 2 cikin miliyan. An gyara simintin ne tun daga masana'anta, ba a jira kowane lebura ya tuna da shafa mai ba.

Don haka akwai abin da ya kamata ya zo kafin wani. Da farko a kawar da abu mai cutarwa ko a musanya shi. Sai a ba da safar da ta dace da aikin, a haɗa da ta auduga daga ciki, domin gumin da ke taruwa a cikin roba shi ma yana jiƙa fata ya lalata ta. A daina wanke hannu da fetur ko kananzir. Bayan an tashi, a wanke, a tsane, a shafa basilin ko man kaɗanya. Man kariya yana iya zuwa daga ƙarshe, a matsayin ƙari.

Da yawa daga cikinmu mu ne masu ɗaukar aiki: injiniya mai kula da gini, shugabar asibiti, mai shagon gyaran gashi, uwargidan da 'yar aikinta ke yini da hannu cikin ruwan omo. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta Najeriya ta 2010 ta amince cewa ma'aikacin da aiki ya haifar masa da cuta yana da haƙƙin a biya shi diyya. Kuɗin safa da ruwan wanke hannu bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da asarar magidancin da hannunsa ya daina riƙe cebur. Wanda ya miƙa wa ma'aikacinsa kwalbar mai ya juya baya, bai sauke nauyin da ke kansa ba.