Kafin mu ce wa yaro ya je ya karanta shari'a

Duk shekara, da zarar sakamakon bak ya fito, ƙofar gidana ba ta rabo da sallama. Ni malamin firamare ne, makarantar horar da malamai na yi, ban taɓa zama a amfi ba ko da na awa ɗaya. Amma a unguwa irin tamu, wanda ya riƙe hannun yaro ya koya masa rubuta sunansa, wurinsa ake komawa bayan shekara goma sha uku a ce: "Mushe, ga ɗanka ya samu, me za ya karanta?" A cikin waɗanda ke zuwa, da yawa sun riga sun yanke shawara tun daga gida, hatimi kawai suke so in buga. Shari'a za a karanta. Uba yana hango baƙar riga, yaro yana hango rabuwa da lissafi.

Na taɓa buga wannan hatimi ba tare da na san abin da nake yi ba, kuma har yau abin yana ci mini rai. Akwai wani yaro da na koyar a aji shida, mai baki kamar reza, ba wanda ke kayar da shi a gardama. Da ya samu bak, mahaifinsa ya zo da shi, na ce: "Alhaji, wannan ai lauya ne tun daga ciki." Iyakar binciken da na yi ke nan. Aka sayar da sa guda da buhunan wake aka tura shi jami'a. Ya maimaita shekarar farko, ya sake faɗuwa, ya dawo gida. Yanzu yana sayar da kayan gyaran babur, yana rufa wa kansa asiri, kuma idan mun haɗu yakan durƙusa ya gaishe ni kamar ba abin da ya faru. Wannan gaisuwar ta fi zagi yi mini nauyi. Daga lokacin na shiga tambayar tsofaffin ɗalibaina da suka bi hanyar, da waɗanda suka kai da waɗanda suka tsaya, abin da zan faɗa a nan daga bakinsu na tattara mafi yawansa.

Abin da ya kayar da yarona shi ne rubutu. Mu da ke waje muna ɗaukar shari'a aikin baki ce, saboda abin da muke gani a fim ke nan: lauya ya miƙe, ya yi ta zuba, kowa ya yi tsit. A jami'a kuwa da alƙalami ake auna ɗalibi, kuma da Faransanci. Ana ba shi hukuncin wata kotu mai shafi biyu, jimla ɗaya tana iya cin rabin shafi, a ce ya fitar da abin da ya faru, da abin da kowane ɓangare ya nema, da tambayar da doka za ta amsa, sannan ya yi sharhi cikin tsari mai kashi biyu wanda ba a yarda a kauce masa ba. Ko a ba shi labarin wata rigima a ce ya warware ta da ayar doka. A nan kalma ɗaya tana juya hukunci. Dokarmu ta farar hula ta samo asali ne daga kundin Faransa na 1804, kuma harshenta bai yi kama da Faransancin da ake yi a filin ƙwallo ba. Gaskiya ne cewa kundin da aka kafa a watan Maris na 2025 ya ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, ya mayar da Faransanci da Ingilishi harsunan aiki, kuma ni na yi murna da hakan. Amma littattafan da yaro za ya buɗe a shekarar farko, da takardar jarrabawar da za a ɗora masa a gaba, da Faransanci suke. Wanda ya haye bak da ƙyar a darasin Faransanci da na falsafa, a gaya masa gaskiya tun yana gida.

Gwajin da nake yi yanzu ba shi da wuya. Ina miƙa wa yaro shafi ɗaya na jarida in ce ya karanta, ya rubuta mini abin da shafin ya ce cikin layi biyar, kada ya sa ra'ayinsa. Za ku yi mamakin yawan masu bak da ba sa iya raba abin da aka faɗa da abin da suke jin ya kamata a faɗa. Wannan laifinmu ne mu malamai, tun daga firamare muke saka wa hadda da maki, amma wannan zance ne na wata rana.

Sai maganar tsawon hanya, wadda iyaye suka fi buƙatar ji, domin su ke biya. A ƙasar nan ana shiga karatun shari'a kai tsaye bayan bak. Akwai sashensa a jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, akwai a jami'ar Tawa, akwai kuma jami'ar Musulunci ta Say ga masu Larabci. Lisans shekara uku ce, mastar shekara biyu, idan komai ya tafi daidai, ba maimaici ba yajin aiki, kuma mun san sau nawa komai ke tafiya daidai. To, ga abin da ba a cika faɗa wa uba ba: lisans ba ta mayar da kowa alƙali, ba ta mayar da kowa lauya. Hangen Dala ne, ba shiga birni ba. Mai son zama lauya, bisa ƙa'idar da ƙasashen UEMOA suka amince da ita a 2014, sai ya kai matakin mastar, ya ci jarrabawar shiga sana'ar wadda ake kira CAPA, sannan ya yi shekara uku yana koyon aiki a ofishin wani lauya. Mai son alƙalanci sai ya wuce lisans, ya jira a buɗe gasar shiga makarantar horar da ma'aikatan shari'a, ya ci, ya yi horo. Gurabe kaɗan ne, masu nema kuwa ba iyaka. Ku lissafa da kanku: yaron da ya samu bak yana da shekara 19 za ya doshi 30 kafin ya tsaya da ƙafarsa. A duk tsawon wannan lokaci akwai ɗaki, akwai ci, akwai kuɗin kwafin darussa, akwai motar Yamai zuwa gida lokacin hutu, kuma kuɗin tallafin ɗalibai, ga wanda ya samu, ba kullum yake zuwa a kan kari ba.

Wani dattijo ya taɓa tare ni a bakin masallaci yana cewa: "Malam, ɗana ya gama shari'a shekara biyu ke nan, ga takarda a bango, amma kullum yana gindin bishiya yana shan shayi. Yaushe za a ba shi kotu?" Ban san ta inda zan fara ba. Ba wanda ya zalunci dattijon nan sai mu da muka bar shi ya shiga ciniki bai san farashi ba.

Kada a fahimce ni baibai. Ba hana yara nake yi ba. Ƙasar nan tana da ƙishirwar masana doka. Yawancin lauyoyinmu a Yamai suke zaune, talakan ƙauye kuwa yana iya shiga kotu ya fita bai taɓa ganin wanda ya tsaya masa ba. Kuma aikin da karatun ke kaiwa gare shi ya wuce rigar nan biyu da muka sani. Akwai magatakardan kotu, akwai masu isar da sammaci da zartar da hukunci, akwai masu rubuta yarjejeniyar ciniki da ta filaye, akwai masu ba bankuna da kamfanoni da ƙungiyoyi shawara, akwai gasar shiga aikin gwamnati iri-iri da ke karɓar mai takardar shari'a. Yaron da ya san da waɗannan tun farko ba ya ganin kansa a matsayin wanda ya faɗi don bai zama alƙali ba.

Inda na fi son in daɗe shi ne abin da yaranmu ke da shi a hannu amma suke raina shi. Shari'a a Nijar ƙafa biyu gare ta. Akwai dokar da aka rubuta, akwai kuma al'ada, kuma tun dokar tsarin kotuna ta 1962, wadda aka sabunta a 2004 da 2018, an yarda cewa a sha'anin aure da saki da gado da gonakin da ba su da takardar mallaka, da al'adar masu ƙara ake yin hukunci. Shi ya sa alƙali ke zama da mataimaka masana al'ada, waɗanda sau da yawa malamai ne. Kafin ma rigimar gona ta kai kotu, sai ta bi ta gaban mai gari ko sarki don neman sulhu. Dokar karkara ta 2 ga Maris 1993 ta kawo kwamitocin kula da filaye har zuwa ƙauyuka. Yanzu ku dubi abin da ke cika zaurukan sarakunanmu daga Gobir zuwa Damagaram: iyakar gona, burtalin da aka cinye, jinginar da aka yi tun zamanin kaka ba a rubuta ba, aro da ya rikiɗe ya zama gado. Yaron da ya tashi yana jin bambancin aro da jingina da haya da kyauta a bakin kakansa, wanda ya san abin da manomi ke nufi in ya ce "nan gatarin ubana ya fara sara", yana da jarin da ba a sayarwa a kantin littattafai. Idan ya zama alƙali ba ya jiran tafinta ya gaya masa abin da tsohuwa ta ce. Amma mu kan koya masa cewa duk wannan ƙauyanci ne, ya bar shi a tasha kafin ya hau mota.

Masu gudun lissafi kuma ina da labari gare su. Mutum ya rasu ya bar mata biyu, da uwa, da ƴaƴa maza uku da mata biyu, dukiyarsa bayan an biya bashi miliyan 2 da jika 400. Matan za su raba sumuni, jika 300, kowacce 150. Uwa tana da sudusi, jika 400. Saura miliyan 1 da jika 700 a kasa takwas, kowace mace ta ɗauki jika 212 da rabi, kowane namiji 425. Wannan mai sauƙin ke nan, wanda ba gona ba shanu a ciki. Lissafin da aka gudu a lise yana zaune a kotu yana jira.

Akwai iyaye, musamman a nan yankin iyaka, da ke cewa gara a tura yaro Najeriya, Sakkwato ko Kano ko Zariya, ga kusa ga ƴan uwa. A wasu fannoni ba ni da ta cewa. A shari'a kuwa a yi hattara, domin doka ba kamar likitanci ba ce da zazzaɓi ɗaya ne ko'ina. Najeriya tsarin Ingila ta gada, da Ingilishi, shekara biyar a jami'a da ɗaya a makarantar lauyoyi. Mu tsarin Faransa muka gada, kuma a harkar kasuwanci muna bin dokokin OHADA, yarjejeniyar da aka sa wa hannu a 1993, mai ƙasashe 17 da babbar kotu a Abijan, wadda Najeriya ba ta ciki. Wanda ya karanta can ya dawo nan, sabon karatu ke gabansa, ban da wahalar neman a amince da takardarsa. In a can yake nufin zama, to, wannan wata magana ce, a yi ta a fili tun kafin a canza sefa zuwa naira.

Ƴan mata kuwa, abin da nake roƙon iyaye shi ne a yi lissafin shekarun nan da gaskiya, a kuma yi maganar aure tun farko. Na ga yarinyar da ta fi kowa a ajinta an cire ta a shekara ta biyu, kuɗin ya tafi, takarda ba ta samu ba. In za a bar ta ta fara, a bar ta ta kai, ko a samu mijin da ya yarda da sharaɗin a gaban shaidu. Matan da ke zuwa kotu kan saki da ciyarwa da riƙon ƴaƴa suna da abubuwan da ba za su iya faɗa wa namiji ba.

Abu na ƙarshe da na koya, kuma ba ya cin ko dala: zaman kotu a buɗe yake ga kowa, in ban da shari'o'in da doka ta ce a rufe. Yaro ya sa rigarsa mai tsabta ya je ya zauna a benci na baya wuni ɗaya. Za ya ga ana ɗage ƙara cikin minti biyu, ya ga tulin takardu, ya ga ɓarawon akuya da aka tsare watanni yana jiran a kira sunansa, ya ga ƴan uwa ciki ɗaya ba sa kallon juna saboda taki goma na gona. Gani ya kori ji. Wani za ya fito ya ce Allah ya kiyaye, wani kuma ya fito idonsa a buɗe.

Bana uku suka zo mini, maza biyu da mace ɗaya. Na ba su shafin jarida, na tura su kotu. Ɗaya ya dawo ya ce shi aikin jinya za ya nema, kuma mahaifinsa har yanzu yana amsa gaisuwata a daƙile. Na biyun yana nan yana tunani. Yarinyar ta koma kotun sau uku ba wanda ya aike ta, ta dawo da littafi cike da tambayoyi, ta farko a ciki ita ce me ya sa aka tambayi matar nan da Faransanci alhali alƙalin da ita duk Hausawa ne. Na ce mata ban sani ba. Ranar Juma'a bayan la'asar zan je in zauna da mahaifinta, da takarda da alƙalami, mu lissafa kuɗin shekara biyar.