Ɗan Majalisar Abetifi da Shanunmu: A Duba Aiki, A Tambayi Kuɗi

'Yan'uwa makiyaya da fataken shanu, na ruga da na kasuwa. Yau ina so mu auna aikin mutum guda, Bryan Acheampong, ɗan majalisa mai wakiltar Abetifi a ƙasar Kwahu tun 2016. Na zaɓe shi ne domin ya fito daga karkara inda manomi da makiyayi suke shan ruwan rafi ɗaya, kuma ya riƙe ma'aikatar gona daga 2023 zuwa Janairun 2025. Wanda ya riƙe wuƙa da nama, shi ake tambaya yadda rabo ya kasance.

Kowa ya san abin da ya faru a gundumar Kwahu ta Gabas a 2017, lokacin da rikici ya ɓarke tsakanin manoma da makiyaya, aka yi asarar rayuka ta kowane ɓangare, aka kashe shanu, mutane suka gudu suka bar ƙauyukansu. Saboda haka da aka ba ɗan wannan yanki ministan gona, da yawa cikinmu sun sa rai cewa ga wanda ya ga ciwon da idonsa, zai nemo magani.

To, me aka gani? A watan Agusta na 2023 aka ƙaddamar da kashi na biyu na shirin Shuka Don Abinci da Aikin Yi a Tamale. An zaɓi kaya 11 da za a ba ƙarfi: masara, shinkafa, waken suya, dawa, tumatir, barkono, albasa, rogo, doya, filanten da kaji. Ku sake karantawa a hankali, babu saniya a ciki. Alhali kuwa tun 2019 gwamnatin jam'iyyarsa ta ƙaddamar da shirin Kiwo Don Abinci da Aikin Yi a Wa, kuma ga makiyayar gwamnati ta Wawase a filayen Afram, maƙwabciyar mazaɓarsa, wadda ita kaɗai ba za ta ɗauki shanun yankin ba. Duk mai zuwa kasuwar Turaku ta Ashaiman ya san yawan shanun da ake saukewa daga Burkina Faso da sauran ƙasashen arewa. Ƙasar da take sayen nama daga maƙwabta, yaya za a tsara mata abinci a manta da garke?

Adalci ya sa mu faɗi wanda ya yi. Da ruwan sama ya ɗauke a arewa a 2024, ya hana fitar da masara da shinkafa da waken suya zuwa waje domin kada abinci ya yanke. Wannan ya shafe mu, domin tsadar masara ita ce tsadar dusa. Amma fari ba gona kaɗai yake ci ba. Yana cin ciyawa, yana busar da tafki, kuma saniyar da ta rasa ruwa ita ce take kutsawa gonar mutane. Mu ma ba mu wanke kanmu ba: wanda shanunsa suka yi ɓarna ya biya, wannan ba abin gardama ba ne. Sai dai burtali da mashaya da likitan dabbobi aikin hukuma ne, kuma su ne suke kashe wutar tun ba ta tashi ba.

Me ya sa ake mantawa da mu? A ganina amsar tana wajen kuɗin zaɓe. Wani bincike da cibiyar CDD-Ghana ta yi tare da gidauniyar Westminster ta Ingila ya nuna kuɗin neman kujerar majalisa ya ƙaru da kashi 59 cikin 100 tsakanin 2012 da 2016, har ya kai wajen sidi 390,000. Bayan zaɓen 2020 cibiyar ta ƙiyasta abin ya kai kusan sidi miliyan 4. Wanda ya kashe wannan, ko dai attajiri ne, ko kuma akwai attajirai a bayansa. Hausawa sun ce bakin da ya ci shi ke godiya.

Dokar jam'iyyu ta 2000, mai lamba 574, ta ce ɗan ƙasa ne kaɗai zai ba jam'iyya gudummawa, kuma jam'iyya ta kai lissafinta ga Hukumar Zaɓe. Amma ba ta tilasta wa ɗan takara ya bayyana wanda ya ba shi kuɗi ba, ba ta kuma sa iyaka ga abin da zai kashe ba. Ba ina tuhumar ɗan majalisar Abetifi da karɓar kuɗin kowa ba ne. Mutum ne mai dukiyarsa, shi ne mai otal ɗin Rock City a Kwahu. Abin da nake cewa shi ne doka ta rufe littafin kowa, na NPP da na NDC, da shi da Eric Opoku na Asunafo ta Kudu wanda ya gaje shi a 2025.

Akwai darasi a nan. A 2024 asusun fanshon ma'aikata, SSNIT, ya shirya sayar wa Rock City kashi 60 cikin 100 na otal huɗu, har da Labadi Beach, yana kan kujerar minista. Ƙungiyoyin ƙwadago suka haɗa kai suka yi shelar yajin aiki, a watan Yuli cinikin ya rushe. Ba kuɗi suka fi shi ba, haɗin kai suka yi, suka kuma san abin da suke nema. Tsintsiya ɗaya ba ta shara.

Saboda haka ina kira ga abu uku. Na farko, mu goyi bayan a gyara doka, kowane ɗan takara ya bayyana masu ba shi kuɗi, a kuma sa iyaka. Na biyu, ƙungiya ta sa yaranmu masu ilimi na Nima da Maamobi su riƙa bin littafin zaman majalisa, su rubuta mana wane ne ya yi maganar burtali da rigakafi da madatsar ruwa, wane ne kuma ya yi shiru. Na uku, alhazanmu na kasuwa su daina kai wa ɗan takara sa a ɓoye cikin dare. In za a taimaka, a yi da rana, da sunan ƙungiya, da buƙatunmu a rubuce, ya sa hannu gaban shaidu.

Zaɓe na gaba yana 2028. Wanda ya zo da buhun shinkafa da atamfa, ku tambaye shi inda saniya za ta sha ruwa a watan Maris. Shinkafa mako guda take yi, kujera kuwa shekara huɗu.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da Gana lafiya, amin.