Layin DROP ba abin tsoro ba ne, ALLOW ne abin dubawa

Matashi zai kulle wayarsa da lambar sirri da zanen yatsa, amma kwamfutarsa ta gida ko oho. Alhali a cikinta hotunan iyali suke, da takardun makaranta, da kalmomin sirrin da burauza ta adana.

Windows na zuwa da katangar tsaro mai suna Windows Defender Firewall, kuma tana iya rubuta duk wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa. Sai dai a kashe rajistar take zuwa. Ana kunna ta ne idan aka buɗe wf.msc, aka shiga Properties, aka zaɓi a riƙa rubuta abin da aka hana da abin da aka bari. Bayanan suna taruwa a fayil ɗin pfirewall.log. Kowane layi yana nuna rana, lokaci, hukuncin da aka yanke, adireshin IP da lambar ƙofa.

Wanda ya fara karantawa yakan firgita da yawan DROP, ya ɗauka wani ne ya sa shi a gaba. Ma'anar DROP ita ce an tare. Galibi manhajoji ne masu yawo suna gwada kowane adireshi, ko na'urorin gidan, idan adireshin ya fara da 192.168.

Inda ya kamata a zuba ido shi ne ALLOW a ƙofofi irin 3389, ta sarrafa kwamfuta daga nesa, ko 445, ta musayar fayil. Ta 445 ɗin WannaCry ta bi a watan Mayun 2017, ta kulle kwamfutoci sama da 200,000 a ƙasashe kusan 150, bayan Microsoft ta fitar da gyaran tun watan Maris.

Wasu na cewa rawutar gida tana tare yawancin masu kutse, don haka karatun ɓata lokaci ne. Gaskiya ne tana tarewa. Amma kwamfutar takan hau Wi-Fi na makaranta ko na otal, kuma manhajar sata da mutum ya sauke da hannunsa daga ciki take buɗe hanya. Idan kwamfuta na ta tuntuɓar baƙon adireshi da tsakar dare, rajistar za ta nuna.

Abin yi kaɗan ne: a canza kalmar sirrin da rawuta ta zo da ita, a kashe Remote Desktop in ba a amfani da shi, a daina ɗage sabunta Windows, sannan a leƙa rajistar ko sau ɗaya a mako.