LAFIYA UWAR JIKI: Na'ura da yaron da ba ya waiwaye

A Gure, idan yaro ya kai shekara biyu ba ya magana, a kira sunansa bai waiwaya ba, bai damu da wasan tsaransa ba, akan ce kurma ne ko iska ta taɓa shi. Sau da yawa abin galahanga ne, wadda likitoci ke kira otizim. Likita Leo Kanner ya bayyana ta a Amurka cikin 1943, bayan ya duba yara 11.

Cikin 2023 masanan jami'ar Duke ta Amurka suka fid da sakamakon wani gwaji. Ana nuna wa yaro gajerun hotuna masu motsi a allo, kyamara tana lura da inda idonsa ke kallo, da ƙiftawarsa, da yadda yake juyowa in an kira shi. Kwamfutar da aka horar da misalai masu yawa ita ke auna alamun. An gwada yara 475, ƴan wata 17 zuwa 36. Na'urar ta gano kusan 88 cikin ɗari na masu larurar.

Amma akwai abin lura. Cikin yara ɗari marasa galahanga, na'urar ta zargi wajen 19. Ke nan tana nuni ne kawai, hukunci na likita ne. Kuma da yaran Amurka aka horar da ita. Sai an jarraba ta ga ƴaƴan Hausawa da Barebari kafin a amince da ita. Haka kuma mahaifin da aka ce ya kai ɗansa babban asibitin Damagaram, tafiyar sama da kilomita 150, bisa zato maras tushe, ya yi asarar kuɗin mota da ranar kasuwa, ga tashin hankali.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwasa shi. Galahanga ba ta da maganin da ke warkar da ita, amma horon magana da cuɗanya tun da wuri yana taimakon yaro ƙwarai. Saboda haka bai kamata iyaye su jira na'ura ba. Yaron da ya kai wata 18 ba ya nuna abu da yatsa, ba ya amsa sunansa, a gaya wa ma'aikatan lafiya ranar awo. A fara duba kunnensa, domin sanƙarau kan bar kurumta. In kunne lafiya yake, a nemi takardar zuwa ga likitan yara.