Kafin A Haƙa Masai, A Tambayi Mata



Damina ta kankama, kuma kun san abin da take zuwa da shi: ruwa ya kwashi bahayar da aka yi a bayan gari ya zuba a rijiya da tafki, sai amai da gudawa. A 2021 kwalara ta kashe mutum sama da 3,000 a Najeriya. Allah Ya jiƙansu.

Ma'aikatan lafiya suna ƙoƙari, wallahi. Amma sau da yawa sai su zo ƙauye da hotuna, su yi bayani a ƙofar gidan mai gari, maza su gyaɗa kai, mota ta tafi. Mu da ke wanke yara, ba a tambaye mu ba. Alhali mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Mu muka san ramin da aka haƙa cikin yashi ba a ɗaure shi ba yana ruftawa da ruwan farko. Mu muka san yaro yana tsoron masai mai faɗin baki, kuma amarya tana jin kunyar shiga wanda surukinta yake shiga, sai ta jira dare ta nufi gona, ga maciji ga ɓata-gari.

Mu ma da gyara a wajenmu. Zancen wai kashin jariri ba ya cutarwa ba gaskiya ba ne. Ƙuda ba ya tambayar shekaru kafin ya sauka a kan tuwo. A zuba abin da ke fo cikin masai, a rufe da murfi, a wanke hannu da sabulu ko toka. Tun a Islamiyya aka koya mana hanin yin bahaya a hanya da inuwar da mutane ke zama.

Abin mai yiwuwa ne. A 2022 Jigawa ta zama jiha ta farko da aka tabbatar ta daina bahaya a fili.

Don haka shugabannin mata na mazaɓu, idan ma'aikata sun zo, ku tara mata a cikin gida, a kira ungozoma, kowa ta faɗi abin da ya hana ta. Kada a yi shiru don kunya.

A tura wa sauran. Allah Ya tsare mana 'ya'yanmu.