A miƙa wa ɗalibi jan bik

A kolejojin Dakoro, kamar ko'ina cikin Nijar, jan bik makamin malami ne. Yaro ya cika shafi biyu da insha'i, takarda ta komo masa jina-jina, da ɗan maki a ƙuryar sama. An gyara masa nahawun Faransanci, amma babu wanda ya nuna masa inda zancensa ya saki hanya. Ranar jarrabawar BEPC kuwa sai a nemi ya kawo gabatarwa da gundarin bayani da kammalawa, ginin da bai taɓa gani da idonsa ba.

Alhali maganin yana hannun alarammomi tun da daɗewa. Duk wanda ya buɗe Alƙur'ani rubutun hannu na ƙasar Hausa, ruwayar Warshu, ya san kowane launi da aikinsa: baƙaƙe da baƙar tawada, wasulla da ja, hamza ɗigo rawaya, alifin sadarwa ɗigo kore. Ido ke riga baki karatu. Alƙalamin Bic mai launi huɗu, wanda ya fito a 1970, ɗan baya ne a wannan fage.

To, me zai hana a ari dabarar? A ba ɗalibi batun da ya sani, misali rikicin manoma da makiyaya a kwarin Tarka, da dokar 1961 wadda ta shata iyakar noma ta arewa. In ya gama rubutun gwaji, ya ja shuɗin layi ƙarƙashin ra'ayinsa, kore ƙarƙashin hujja, ja ƙarƙashin misali. Wanda ya tarar shafinsa ya yi jawur, shanun wane sun ci gonar wane, babu ko ɗigon kore, shi da kansa zai gane labari ya zuba, bai kafa hujja ba. Malami mai ɗalibai cike da rumfar zana yana iya ganin wannan giɓi da kallo ɗaya.

Gaskiya ne launi ba ya koyar da harshe. Yaron da ke tunani da Hausa ko Fulatanci ko Buzanci yana rubutu da Faransanci, dakon kaya biyu yake yi. Tun 1973 ake gwajin koyarwa da harsunan gida, a 2025 kuma aka ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, amma wannan doguwar tafiya ce. Launi kuwa ba ya jiran kasafin kuɗi daga Yamai. Alli kala uku a kan allon aji, da bik guda da ƴan benci ɗaya za su riƙa karɓa-karɓa, sun isa a soma tun zangon karatu mai zuwa.