Wasiƙa Zuwa ga Masassaƙan Wusasa: Ɗanyen Ice da Baƙin Mai

'Ya'yana da ƙannena masu riƙe da gizago a Wusasa da kewayen Kufena.

Mai wannan wasiƙa dattijo ne da ya daɗe yana sayen kayanku, kuma zai fara da ba ku haƙƙinku. Kun riƙe sana'a a zamanin da roba da kwanon silba suka kori akushi daga gidaje, injin niƙa kuma ya rage wa turmi aiki. Hannunku da sauri, wasunku ma sun fi iyayensu iya ado. Allah ya yi albarka. Amma ba yabo ne ya sa shi ɗaukar alƙalami ba.

Turmi ne ya sa. Mace ta saye shi da kaka, sumul yana sheƙi, kafin hunturu ya fita ya tsage daga baki har gindi. Idan aka ƙanƙare wurin, sai a tarar tsagar tsohuwa ce: an cusa mata garin katako da gam, an bi da fenti. Wanda ya yi aikin ya ga tsagar da idonsa, ya rufe ta, ya karɓi kuɗi.

Dalilin tsagewar ba ɓoyayye ba ne a wurinku. Ɗanyen ice cike yake da ruwa. Idan iskar hunturu ta buge shi, bayansa yakan bushe ya tsuke alhali cikinsa na nan jiƙe, sai ya yage kansa. Masu katako ma suna lissafin kimanin shekara guda ga kowane inci na kauri kafin ice ya bushe a inuwa. Ku kuwa a sare ranar Litinin, a kai kasuwa ranar Juma'a.

An yi wani tsoho a Wusasa, Allah ya kyauta makwancinsa, wanda manyan cikinku suka sani ko ba a ambaci sunansa ba. Yana cikin dubban 'yan Arewa da Turawa suka kwasa zuwa yaƙin Boma, inda runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma suka fafata da Japanawa a 1944 da 1945. Barikin Chindit da ke nan Zariya daga wancan yaƙin ya samo sunansa. A soja tsohon nan, mu kira shi Baba, ya koyi kanikanci, da ya dawo kuma ya shafe shekaru a ƙarƙashin manyan motoci masu bodin katako, har ƙarfi ya fara ja da baya, ya koma ga gizagon da ya gada.

Halin da ya taho da shi daga gareji shi ne abin dubawa. Direba ba ya ganin notin da bakanike ya ɗaure, amma a kansa yake ɗora ransa da na fasinja. Baba ya ga abin da birkin da aka gyara da ha'inci yake yi wa mutane, saboda haka bai taɓa yarda cewa aikin da ido ba ya gani ƙaramin aiki ne ba. Shi ma da ɗanye yake fara sara, don ɗanye ya fi bin gizago. Sai dai yakan fafe shi sama-sama, ya jingine a zaure inda rana ba ta kai, damina ta wuce, hunturu ya wuce, sannan ya dawo ya gama. Wanda ya tsage a wannan jira, murhu ne rabonsa.

Ƙirya yake yi wa turmi, aduwa allo. Ranar da aka sa wa 'yarsa rana, turmin gararta ya riga ya shekara a zaure. Yaran da ke koyon aiki a wurinsa akushi ɗaya suke ci da 'ya'yan cikinsa, kuma da kuɗin turmi da ƙotar fartanya ya kai 'ya'yan nan makaranta. Almajiri ya zo neman allo ya samu, maƙwabcinsa mai zuwa coci ya zo neman kujera ya samu, farashi ɗaya, aiki ɗaya. Ina irin waɗannan mutane yanzu? Duk lokacin da mai wannan wasiƙa ya bi ta ƙofar gidan, zuciyarsa takan yi nauyi.

Sai kuma batun baƙi. Akushin da, da wuta ake baƙanta shi, a goge, a shafe da man kaɗanya. Yau akwai mai shafa fenti, akwai ma wanda ke ɗibar baƙin mai a gareji ya shafa wa ƙwarya da ƙota har da abin da za a zuba tuwo a ciki. Haba 'ya'yana! Baba ya yi rabin rayuwarsa hannu dumu-dumu cikin baƙin mai, ya san dattin ƙarfen da ke cikinsa, ko hannunsa ba ya kai wa abinci sai ya wanke da toka da sabulu. Da wane ido za ku dubi yaron da ya ci a wannan akushi? Sau da yawa ma baƙin don a ɓatar da kama ne, a sayar da mangwaro da sunan ƙirya. Wannan algus ne, ba shi da wani suna. Musulmin cikinku ya san labarin mai hatsin da ya ɓoye jiƙaƙƙe a ƙarƙashin busasshe da irin tsawatarwar da Manzon Allah (SAW) ya yi masa. Kirista kuma ya san abin da littafinsa ya ce game da ma'aunin zamba.

Kuma ku dubi ƙasar da kuke yin haka a cikinta. Babban Gwani Malam Mika'ilu ya gina Masallacin Juma'a na birnin Zariya a zamanin Sarki Abdulkarim, kusan shekara 190 ke nan, da ƙasa da azara, masana gini na duniya suna zuwa kallonsa har gobe. Da mishan ta taso daga cikin birni zuwa Wusasa a 1929, maginan Hausawa suka tayar da cocin St. Bartholomew da tubali, yana nan tsaye. Waɗancan gwanaye sun san wace giginya ce ta ƙosa, wacce ce gara za ta cinye, ba su kuma yi gaggawa ba.

Mai wannan wasiƙa ya san uzurinku, bai kuma raina shi ba. Ice ya yi wuya. Masu gawayi sun bi ƙirya sun ƙarar, madobiya kuwa an yi ta lodinta zuwa Sin har sai da aka sa ta cikin itatuwan da yarjejeniyar CITES ke taƙaita cinikinsu a 2017. Wanda ya ci bashi ya sayi gungume ba zai ji daɗin a ce ya jingine shi shekara ba, ga bakuna a gida. Gaskiya ne. Amma tsadar ice dalili ne na a ƙara kuɗi, ba na a rufe tsaga ba. Hasali ma, yanzu da ƙirya ta yi ƙaranci, ɓata gungume guda da gaggawa asara ce biyu.

Idan harshe ya yi kaifi, a yi haƙuri, ƙauna ce ta kawo. Roƙonsa kaɗan ne. Ku faɗa wa mai saye wane ice ne, da yaushe aka sare shi. Mai tsaga a nuna tsagar, a rage kuɗi. Ku haɗa kai ku sami rumfa guda ta shanya ice, kowa ya riƙa sa na baɗi tun bana, yadda jiran ba zai karya mutum ɗaya ba. Baƙin mai kuma a bar wa gareji. A gaida iyali da yaran aiki.

Wassalam,
Babanku mai ƙaunarku, Wusasa, Zariya.